SHEHU UMARUL FUTI (R.T.A.) DA AL'AMARIN ISTIHARA A RAYUWARSA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya san ƙarshen kowace hanya tun matafiyi bai ɗaga ƙafa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu, Maulana Ahmadu Tijjani, da halifofinsa da muƙaddamansa, da duk wanda ya riƙi wannan igiya da gaskiya har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ahbabu da Allah Ya tara mu a nan Bomo, waɗanda suka tako daga Samaru da Sabon Gari da cikin birnin Zazzau, da baƙinmu na nesa: an saba a ɗan littafin taron shekara a kawo tarihin ɗaya daga cikin magabatan ɗariƙa, domin ambaton salihan bayi yana saukar da rahama, yana kuma ƙarfafa zukatan na baya. Bana mun ɗauko Shehu Umaru ɗan Sa'idu, wanda aka fi sani da Shehu Umarul Futi. Da wuya a sami zawiyyar da ba ta san sunansa ba, tunda littafinsa Rimahu shi ne aka buga a gefen Jawahirul Ma'ani, duk wanda ya buɗe ɗaya ya buɗe ɗayan. Sai dai yawancinmu idan an ambace shi, doki da takobi muke tunawa. Abin da muke so mu duba a nan wani ɓangare ne na rayuwarsa da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato yadda yake yi idan hanya ta rabu biyu a gabansa. Kuma ta rabu masa sau da yawa.

Asalinsa da tafiyarsa hajji

An haifi Shehu Umaru a ƙauyen Halwar, kusa da Podor, a ƙasar Futa Toro da ke bakin kogin Senegal, tsakanin shekarar 1794 da 1797 Miladiyya. Mahaifinsa Malam Sa'idu malami ne mai karantarwa, sunan mahaifiyarsa Adama. Gidansu na Toronkawa ne, Fulanin nan ma'abota karatu waɗanda daga cikinsu ne kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka taso suka yo gabas har ƙasar Hausa.

Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, sannan ya shiga yawon neman ilimi daga wannan malami zuwa wancan, har ya kai Futa Jalon, a ƙasar Gini ta yau. A cikin wannan yawo ne ya haɗu da Shehu Abdulkarim ɗan Ahmadu Naƙil, mutumin Futa Jalon, wanda ya ba shi wuridin Tijjaniyya. Shi Shehu Abdulkarim ya karɓa daga Sidi Mauludu Fal, shi kuma daga Sidi Muhammadul Hafiz na ƙasar Shinƙiɗi, wanda ya karɓa hannu da hannu daga Shehu Tijjani a birnin Fas. Shehu Tijjani ya yi wafati a shekarar 1230 Hijiriyya, daidai da 1815, saboda haka mutum uku ne kacal tsakanin saurayin Halwar da mai ɗariƙa.

Malami da almajirinsa suka ƙulla niyyar zuwa hajji. Amma Allah bai nufi Shehu Abdulkarim da isa ba: rashin lafiya ta kama shi, ya rasu a ƙasar Masina, cikin Mali ta yau. Ga mutum ɗan shekara talatin ko kusa da haka, ya rabu da gida, ya rasa jagoransa, ga hamada a gabansa. Hajjin wancan zamani ba na kwana talatin da jirgin sama ba ne. Mutum yakan yi wasiyya kafin ya fita, ya shekara biyu ko uku a hanya, kuma da yawa a cikin yashi aka binne su. Da ya juya gida a lokacin, ba wanda zai zarge shi. Bai juya ba. Ya ratso ƙasar Hausa, ya yi watanni a Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ƙetare hamada ta Fazzan zuwa Masar, ya riski aikin hajji na shekarar 1243, daidai da 1828.

A hannun Sidi Muhammadul Gali

A Makka ya tarar da abin da Allah Ya tanadar masa a madadin wanda ya rasa. Sidi Muhammadul Gali, ɗaya daga cikin manyan sahabban Shehu Tijjani, waɗanda suka zauna da shi a Fas, yana zaune a Hijaz a wannan lokaci. Shehu Umaru, wanda ya riga ya zama malami mai ji da ƙarfin karatunsa, ya sallama masa kansa da dukiyarsa, ya zama mai yi masa hidima, ya bi shi Madina. Shi da kansa ya ba da labarin wannan zama a cikin Rimahu. A cikin masallacin Manzon Allah (S.A.W.) Sidi Gali ya sanar da shi cewa matsayinsa ya wuce na muƙaddami mai ba da wuridi, shi halifa ne daga cikin halifofin Shehu, ya kuma ba shi izini a cikin azkar da asirran ɗariƙa. Masu tarihinsa sun ambata cewa daga cikin abin da aka ba shi akwai wata istihara ta musamman, wadda zai riƙa komawa gare ta idan al'amura suka rikice.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Mutumin da aka ce masa shi halifa ne, aka cika masa hannu da asirrai, me zai yi da istihara? Ai da sai a zaci ya wuce wurin. Amma shehunsa ya ga cewa wanda aka ɗora wa jagorancin mutane shi ya fi kowa buƙatarta, domin kuskuren mai tafiya shi kaɗai nasa ne, kuskuren madugu kuwa na ayari ne gaba ɗaya. Ilimi komai yawansa yana nuna wa mutum halal da haram, ba ya nuna masa abin da gobe za ta haifa.

Waccan istihara ta musamman tana da ma'abotanta, kuma ba a ɗaukarta daga takarda sai da izini. Amma tushenta yana hannun kowane Musulmi. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) ya ruwaito, kamar yadda ya zo a Sahihul Buhari, cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana koya musu istihara a cikin al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Siffarta sananniya ce. Mutum ya yi raka'a biyu waɗanda ba na farilla ba, sannan ya karanta addu'ar, ya ambaci buƙatarsa da sunanta. A cikin addu'ar bawa yana iƙirari da cewa Allah ne mai iko shi ba shi da iko, Allah ne Masani shi bai sani ba. Yana roƙon idan abin alheri ne ga addininsa da rayuwarsa da ƙarshen al'amarinsa, a ƙaddara masa shi, a sauƙaƙe, a sa albarka. Idan kuwa sharri ne, a kawar da abin daga gare shi, shi ma a kawar da shi daga abin, a ƙaddara masa alheri duk inda yake, sannan a sanya masa yarda da shi. Imam Nawawi ya so a karanta Suratul Kafiruna a raka'ar farko, Suratul Ihlasi a ta biyu, sannan mutum ya ci gaba da abin da ƙirjinsa ya buɗe gare shi. Malamai sun kuma bayyana cewa ba a yin istihara a kan wajibi ko a kan haram. Ba wanda zai yi istihara ko ya yi sallar Asuba ko kada ya yi, ko ya ci riba ko ya bari.

A duba da kyau, babu maganar mafarki a cikin wannan hadisi. Ibnul Hajji, mai littafin Madhal wanda malaman ƙasar nan suka daɗe suna karantarwa, ya soki masu yin istihara su zauna suna jiran su yi mafarki, ko wani ya yi musu. Ba muna musun mafarkin gaskiya ba ne, mu da ɗariƙarmu take cike da bushara. Amma yau kalmar istihara ta faɗa bakin 'yan duba. Sai ka ga uwa ta ɗauki sunan saurayin 'yarta da na mahaifiyarsa ta kai wa mai bugun ƙasa, a zana yashi, a ce mata taurarinsu ba su haɗu ba, ta dawo tana cewa an yi istihara ba ta yi kyau ba. Aure nawa aka rusa da wannan! Neman addu'ar salihin bawa abu ne mai kyau, kuma shawartar muƙaddami ladabi ne na muridi. Sai dai asalin abin shi ne mai buƙata ya tsaya da ƙafarsa a gaban Ubangijinsa, domin shi ne ake so ya furta da bakinsa cewa bai sani ba.

Shehu Umaru ya yi hajji sau uku a wannan tafiya, ya ziyarci Birnin Ƙudus da ƙasar Sham. Mutanen yammacin Afirka da dama idan suka kai Madina ba sa dawowa, kuma wa zai ga laifin wanda ya zaɓi maƙwabtaka da Manzon Allah (S.A.W.)? Shi kuwa halifancin da aka ba shi na ƙasashen baƙar fata ne, saboda haka komawa ta zama dole. Wani lokaci amsar abin da bawa ya roƙa takan zo ne ta bakin shehunsa, ba tare da wata alama daga sama ba. Wajen 1830 ya juyo da fuskarsa yamma.

Borno da Sakkwato

A kan hanyarsa ta dawowa, cikin hamada, ya tsara wata ƙasida mai suna Tazkiratul Gafilina, a kan munin saɓani tsakanin muminai, yana kiran Borno da Sakkwato zuwa ga sulhu, domin a lokacin akwai tsohuwar gaba tsakanin Shehu Muhammadul Aminu Elkanemi da jama'ar Shehu Usmanu. Mai karatu ya riƙe sunan wannan ƙasida, za mu dawo gare ta. Ya sauka a Borno, aka karɓe shi da girmamawa, daga baya zama ya yi tsami tsakaninsa da fada, ya tashi.

A Sakkwato kuwa abin ya bambanta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello malami ne mai rubuta littattafai, ya san darajar malami idan ya gan shi. Ya jawo shi jiki, ya aurar masa da 'yarsa Maryamu. Shehu Umaru ya zauna shekara shida zuwa bakwai, yana karantarwa, yana ba da wuridi, yana kuma kallon yadda ake tafiyar da daular Musulunci daga ciki: alƙalanci, da ribaɗi, da tara runduna. Yana cikin rundunar Sarkin Musulmi a yaƙin Gawakuke na 1836. A wannan shekara aka haifa masa ɗansa Ahmadu a Sakkwato, wanda daga baya ya gaje shi. A nan ya rubuta littafinsa Suyufus Sa'id a 1837. Daga cikin manyan da suka karɓi ɗariƙa a hannunsa akwai Modibbo Raji na Gwandu, wanda daga baya ya koma Adamawa ya yaɗa ta a can. Maganar ko shi Sarkin Musulmi Bello ya karɓi wuridi ko bai karɓa ba tsohuwar jayayya ce tsakanin malamai, kuma ranar taron zumunci ba ranar tayar da ita ba ce. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, da zaman Shehu Umaru ne Tijjaniyya ta fara kafa ƙafa sosai a ƙasar Hausa. Zazzau tana cikin garuruwan da ta yi saiwa da wuri, ta fitar da irin su Malam Umaru Wali a ƙarni na 19, har ta kai ga Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya hau sarauta a 1903, ya kasance Batijjane mai waƙe Shehunsa.

A shekarar 1253, daidai da 1837, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. A 1838 Shehu Umaru ya tattara iyalinsa da almajiransa, cikinsu har da Hausawa da mutanen Borno, ya bar Sakkwato.

A ganinmu wannan mararraba ta fi ta Masina wuya. A can baya matashi ne da ba shi da abin da zai rasa sai ransa. A nan kuwa dattijo ne ɗan shekara arba'in da ɗoriya, surukin gidan Shehu, mai gida da iyali da dukiya da almajirai, a birnin da ya fi kowane birni a ƙasar Sudan tsayuwar shari'a. Gabansa ƙasashe ne da sarakunan da ba Musulmi ba suke mulki, da wasu na Musulmi da ba su san shi ba. Barin wahala kowa yana iyawa. Barin wurin da mutum ya sami gindin zama shi ne jarrabawa, kuma a irin wannan wuri ne son zuciya ya fi iya shiga rigar hankali, ya kawo hujjoji goma masu kyau na zama. Shi ya sa malamai suka ce sharaɗin mai istihara ya wofintar da zuciyarsa daga abin da ta riga ta karkata gare shi, iyakar iyawarsa. Wanda ya gama yanke hukunci sannan ya yi raka'a biyu, sa hannu yake nema daga Ubangiji, ba zaɓi ba.

Mu nan ba baƙin irin wannan ba ne. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962 gari yake matsowa, gonaki suna komawa filaye. Manomin Bomo da aka taya gonar gadonsa da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, a ce za a gina ɗakunan haya, yana tsaye ne a mararraba ta gaske. Sayarwa halal ce, riƙewa halal ce, kuma ba malamin da zai buɗe littafi ya nuna masa wadda za ta fi zame wa jikokinsa alheri. Zai shawarci 'yan'uwansa masu haƙƙi a gonar, ya tambayi waɗanda suka sayar kafin shi yadda suka ƙare, domin shawara da istihara tafiyarsu ɗaya. Bayan nan sai alwala da raka'a biyu. Haka ɗalibin da ya gama karatu aka kira shi aiki a garin da ba shi da kowa, ga tsofaffin iyaye a gida.

Shekarun jira

Hanyar yamma ba ta zo masa da sauƙi ba. Ya bi ta Hamdullahi, babban birnin Masina, ya shiga Segu, inda sarkin Bambarawa ya tsare shi na ɗan lokaci. Daga ƙarshe ya sauka a Jegunko, a Futa Jalon, wajen 1840, ya kafa makaranta da zawiyya. A nan ya kammala Rimahu a shekarar 1261, daidai da 1845, littafi mai fasali 55, wanda har yau ba a yi kamarsa ba wajen bayanin sharuɗɗan ɗariƙa da ladubban muridi da kare waliyyai daga masu inkari. A 1849 ya yi hijira da jama'arsa zuwa Dingirai.

Mutumin da ya ga jihadin Sakkwato da idonsa, wanda matasa suke kwararowa wurinsa daga Futa Toro, wanda ya mallaki bindigogi da dawaki, an yi tsammanin zai zare takobi tun da wuri. Bai zare ba. Shekara 14 ke tsakanin fitarsa daga Sakkwato da fara jihadinsa. Duk tsawon wannan lokaci karantarwa yake yi da tarbiyya da kiran mutane da baki. Har lokacin da sarkin Tamba ya kawo wa jama'arsa hari, kare kai suka yi. An ruwaito daga gare shi cewa sai a wani dare na watan Zulƙida 1268, daidai da Satumba 1852, bayan sallar Isha'i, aka sanar da shi cewa an yi masa izini, aka maimaita masa sau uku. Daga nan ne ya fita.

Wannan jira yana da nauyi a wurinmu, mu da muke zamanin gaggawa. Al'amarin da ya shafi jinin mutane bai yarda ya shige shi da ƙarfin hujjarsa kaɗai ba, alhali yana da hujjar, yana da rundunar. Masu ɗaukar makami a yau da sunan addini, waɗanda ba su da iliminsa balle tarbiyyarsa, ba su da abin kafa hujja da shi a tarihin wannan bawan Allah.

Yaƙe-yaƙensa suna da yawa, ba za mu bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ya ci Tamba, ya ci ƙasar Karta, ya shiga Nyoro a 1855. A 1857 rundunarsa ta kewaye ganuwar Faransawa a wani gari mai suna Medin, a bakin kogin Senegal, sama da wata uku. Ana gab da cin garin sai ruwan kogi ya cika, gwamnan Faransawa Faidherbe ya iso da jirgin ruwa a watan Yuli ya kwance kewayen. An yi asarar mazaje masu yawa. Shehu Umaru bai nace wa ƙofar da aka rufe ba. Ya koma Futa Toro ya kira mutanensa zuwa hijira daga ƙasar da Nasara suke mamayewa, dubbai suka bi shi, ya fuskanci gabas. A watan Maris 1861 ya shiga Segu, garin da aka taɓa tsare shi.

Masina da Degembere

Yanzu mun zo wurin da alƙalami yake nauyi. Sarkin Segu da aka kora ya sami mafaka da taimakon soja daga Ahmadu ɗan Ahmadu, sarkin Masina, jikan Shehu Ahmadu Lobbo. Masina daular Musulunci ce, mutanenta masu salla ne da karatu, 'yan Ƙadiriyya. Hujjarsu ita ce sarkin Segu ya riga ya musulunta a hannunsu. Shehu Umaru ya nuna gumakan da aka tarar a fadar Segu, ya rubuta littafin Bayanu Ma Waƙa'a, yana kafa hujja da maganganun malamai, har da na malaman Sakkwato, a kan hukuncin wanda ya jiɓinci kafirai a kan Musulmi. An yi ta musayar wasiƙu, sulhu bai yiwu ba. A 1862 aka gwabza, aka ci Hamdullahi, aka kashe Ahmadu ɗan Ahmadu.

Wanda ya tsara Tazkiratul Gafilina yana kuka da saɓanin Borno da Sakkwato, shi ne bayan shekara talatin ya sami kansa a filin daga da masu kallon alƙibla. Ba mu da matsayin yin hukunci tsakanin waɗannan magabata. Kowane ɓangare yana da malamai da hujjoji, kuma duk sun tafi ga Mai hukunci da adalci. Amma ba za mu ɓoye cewa abin baƙin ciki ne ba, kuma raunin da ya bari tsakanin Tijjanawa da Ƙadirawa a waɗancan ƙasashe ya daɗe bai warke ba. Duk wanda ya ga yadda a ƙasarmu shehunan ɗariƙun biyu suke halartar tarukan juna, ya san an yi mana ni'imar da ta cancanci tsaro.

A 1863 Masina ta yi tawaye ƙarƙashin Ba Lobbo, da goyon bayan Kuntawa na Shehu Ahmadul Bakka'i na Tambutu. Aka kewaye Shehu Umaru a cikin Hamdullahi wata da watanni, har abinci ya ƙare. Ya tura ɗan ɗan'uwansa Tijjani ya nemo gudummawa. Kafin ta iso, ya fasa kewayen ya fita da 'yan mutane kaɗan zuwa duwatsun Degembere, kusa da Bandiyagara. A nan, a farkon watan Ramadan na 1280, daidai da Fabrairu 1864, abokan gaba suka rutsa su a kogon dutse, wuta ta tashi, albarushi ya fashe. Wasu daga cikin 'ya'yansa sun cika tare da shi. Ba a ga gawarsa ba, shi ya sa har yau muridai da yawa a Senegal da Mali ba sa cewa ya rasu, sai su ce ya faku. Tijjani ya iso da runduna bayan an gama.

Mai raunin fahimta zai tambaya: ina amfanin istiharar da aka ba shi a Madina, tunda ga inda tafiyar ta ƙare? Wannan tambaya ta taso ne daga zaton cewa istihara alkawari ce na samun sauƙi. Addu'ar ba ta ce haka ba. Alherin da ake roƙo a cikinta an fara shi da addini, an rufe shi da ƙarshen al'amari, kuma ƙarshen al'amarin mumini ba a wannan gida yake ba. Abu na ƙarshe da bawa yake nema a cikinta shi ne a sanya masa yarda da abin da aka ƙaddara, kuma ba a roƙon yarda sai a kan abin da rai zai iya ƙi. Manzon Allah (S.A.W.) ya shawarci sahabbansa kafin Uhudu, ya sa sulke ya fita, aka sami abin da aka samu, kuma bai ce da mun sani ba. Wanda ya yi istihara ya aurar da 'yarsa, auren ya zo da wahala, ko ya buɗe shago a kasuwar Sabon Gari jarin ya karye, kada Shaiɗan ya raya masa cewa ba a amsa masa ba. Bai ga abin da aka kawar masa a ɗaya hanyar ba.

Daular da Shehu Umaru ya kafa ba ta yi tsawon rai ba. Faransawa sun ci Segu a 1890, Nyoro a 1891, Bandiyagara a 1893. Ɗansa Ahmadu, wanda aka haifa a Sakkwato, ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yo hijira gabas da jama'arsa zuwa ƙasar da aka yanke masa cibiya, ya rasu a Maikulki, kusa da Sakkwato, a ƙarshen 1897. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, mutanen Futa suna cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Waɗanda suka tsira, wasu suka zauna a Yalleman ta ƙasar Haɗeja, inda zuriyarsu take har yau. Wasu suka ci gaba da tafiya har Hijaz, cikinsu akwai Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umaru, wanda ya zauna a Madina yana karantarwa, alhazan ƙasar Hausa suna sauka wurinsa suna sabunta izininsu, har ya yi wafati a can a 1931, a birnin da aka ba baffansa halifanci shekara ɗari kafin nan. Allah Ya ƙara musu yarda baki ɗaya.